Gwani a Fili, Baƙo a Gida

A cikin azumin 2023 wani labari ya karaɗe wayoyin jama'a daga Kano har Yamai: wai matar Achraf Hakimi, ɗan bayan nan na Maroko da ke wa PSG wasa, ta je kotu neman rabin dukiyarsa bayan aurensu ya mutu, sai ta tarar ko allura bai mallaka ba, komai da sunan mahaifiyarsa yake. Babu takardar kotu ko ɗaya da aka nuna, babu wata jarida mai mutunci da ta tabbatar da zancen, amma wa ke da lokacin bin diddigi? Maza suka yi ta tafi. A gidajen kallon ƙwallo da teburan masu shayi aka naɗa masa sarautar wayo, har da masu rantsuwar cewa su ma gobe za su mayar da takardun filayensu zuwa sunan Hajiya. Ni dai ba Hakimi nake tuhuma ba, don ba a kama mutum da ji-ta-ji-ta. Masu tafin nake kallo. Auren nan ya bar yara maza biyu, babbansu a lokacin shekararsa uku, kuma duk hayaniyar da aka sha ban ji wanda ya ce: to, in har da gaske uban ba shi da ko sisi da sunansa, yaran fa, a aljihun wa za su ci?

Haka abin yake kullum. Da zarar an ce ga ɗan wasa an maka shi a kotu kan kuɗin ciyar da yaro, sai a mayar da maganar dambe tsakanin namiji da mace. Wasu su ce ita 'yar cin arziki ce, tarko ta ɗana masa. Wasu su ce shi ne mayaudari. Kowa ya kama ɓangare, a yi ta musu har a tashi. Wanda aka je kotun dominsa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, shi ne ba a ko tunawa da shi.

A nan gida, duk uban da ya yi watsi da 'ya'yansa uzurinsa ɗaya ne: babu. Kasuwa ta mutu, mai ya yi tsada, albashi ba ya kai tsakiyar wata. Sau da yawa kuma gaskiya yake faɗa. Wannan ne ya sa nake ganin labarin manyan 'yan wasan duniya ya cancanci a tsaya a kansa, ba don daɗin gulma ba. Su mutane ne da Allah ya cire musu wannan uzurin baki ɗaya. Wanda ke ɗauka a mako guda abin da malamin firamare ba zai tara ba har ya yi ritaya, in ya ƙi sayen madarar jaririnsa, ba za a ce babu ce ta hana shi ba. Dole a nemi dalilin a wani wurin.

A Amurka aka fi tona wannan asiri, saboda kotunansu a buɗe suke, 'yan jaridarsu kuma ba sa jin nauyin kowa. A watan Mayun 1998 mujallar wasanni ta Sports Illustrated ta fito da hoton wani ɗan ƙaramin yaro riƙe da ƙwallon kwando a bangonta, tare da tambayar ina babansa ya shiga. Rahoton ya jero fitattun 'yan wasa da suka haifi 'ya'ya nan da can, suka bar iyaye mata da wahala ko da zaryar kotu. Wanda sunansa ya fi fita shi ne Shawn Kemp, tauraron gasar ƙwallon kwando ta NBA, mai 'ya'ya bakwai da mata shida yana ɗan shekara 28. Bayan shekara tara sai ga Travis Henry, ɗan wasan zari-ruga irin na Amurka: 'ya'ya tara, uwa tara. A 2007 ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 22.5 da ƙungiyar Denver Broncos, a shekarar kuma wani alƙali a jihar Jojiya ya tilasta masa ajiye dala dubu 250 a asusu na musamman saboda ɗaya daga cikin yaran, bayan ya lura cewa mutumin da ke jan ƙafa wajen biyan kuɗin ciyarwa ya kashe dala dubu 100 a mota ɗaya, ya kashe fiye da haka a sarƙoƙi da zobba. Shekara biyu bayan nan yana gidan yari kan harkar hodar iblis. Antonio Cromartie kuwa, a 2010 sai da ƙungiyar New York Jets ta ba shi dala dubu 500 daga albashinsa tun kafin ya buga mata wasa ko ɗaya, don ya rage bashin ciyarwar da ke kansa. A shekarar aka nuna shi a talabijin yana lissafo sunayen 'ya'yansa yana inda-inda, Amurkawa suka sha dariya. Ga Evander Holyfield, ɗan damben da Mike Tyson ya gatsa wa kunne a 1997: 'ya'ya 11, gida mai ɗaki 109 a kusa da Atlanta. Gidan ya tafi a bashi a 2012, shi kuma ana ta kiransa kotu kan kuɗin yara.

Irin wannan lissafi yana da daɗin karantawa, kuma nan ne illarsa, domin yana mayar da abin kuka abin raha. Mu kam ba mu da bakin yi wa kowa dariya kan yawan 'ya'ya. A unguwanninmu mai goma sha ɗaya ko waiwayarsa ba a yi. Ba yawan ne abin dubawa ba. Labarin da ya fi tsaya mini a rai ma na 'ya ɗaya ne tak.

Pele nake nufi, sarkin ƙwallon duniya, mai kofin duniya uku, wanda dattawan Kaduna har yau suke ba da labarin zuwansa garin a 1978. A 1964 wata mai aikin gida ta haifa masa 'ya mace, Sandra Regina. Yarinyar ta tashi ba ta san gatan uba ba, alhali hoton ubanta na manne a kowane shago a Birazil. A daren da ya ci ƙwallonsa ta dubu a filin Marakana, cikin Nuwamban 1969, Pele yana kuka ya roƙi mutanen ƙasarsa su tuna da yara matalauta, duniya ta yi ta yabon tausayinsa. Sandra tana da shekara biyar a wannan daren. Sai a 1991, tana da shekara 27, ta shigar da ƙara. Gwajin ƙwayar halitta ya nuna 'yarsa ce. Pele bai sallama ba. Lauyoyinsa suka yi ta ɗaukaka ƙara, daga wannan kotu zuwa waccan, har 1996 da shari'a ta zo ƙarshe aka ba ta damar ɗaukar sunansa. Sunan ta samu, uban bai zo ba. Ta rubuta littafi a kan 'yar da sarki ya ƙi, ta shiga siyasa ta zama kansila a Santos, birnin da ubanta ya yi suna, inda ta yi fafutukar a riƙa yi wa talakawa gwajin gano uba kyauta. A 2006 cutar daji ta kashe ta tana da shekara 42. Pele bai je jana'izarta ba. Daga baya 'ya'yanta maza biyu, jikokinsa ke nan, su ma sai ta hanyar kotu suka samu tallafi daga gare shi.

Me Pele zai rasa in da ya karɓe ta tun farko? Abin da ya biya lauyoyi a shekara biyar na musu ya isa ya riƙe ta. Ba aljihunsa yake karewa ba, farin sunansa yake karewa, sunan da kamfanoni ke saye don tallar hajarsu. Kuma lissafinsa ya fita, domin duniya ba ta caje shi komai ba. Aka ci gaba da gayyatarsa fadar shugabanni, aka naɗa shi ministan wasanni a 1995 ana tsakiyar shari'ar, da ya rasu a ƙarshen 2022 ƙasar ta yi makokin kwana uku.

Abokin hamayyarsa a tarihi bai bar masa wannan fagen ba. Diego Maradona ya ɗaga kofin duniya a Meziko a watan Yunin 1986, a watan Satumba aka haifa masa ɗa a birnin Napoli. Ya ce ba nasa ba ne. Ya ƙi zuwa gwaji, kotun Italiya ta yanke cewa nasa ne, ya ci gaba da musu. Yaron ya girma a garin da ake zana fuskar ubansa a bangon gidaje, garin da mutane ke raɗa wa jariransu sunan Diego don ƙauna. Sai a 2016, saurayin na dab da cika shekara 30, Maradona ya tsaya gaban 'yan jarida ya kira shi ɗansa. Shekara huɗu suka samu kafin mutuwa ta zo a 2020. Nahiyarmu ma ba a bar ta a baya ba: a 2022 wata kotu a Madrid ta yanke cewa Samuel Eto'o, gwarzon Afirka sau huɗu kuma shugaban hukumar ƙwallon Kamaru, shi ne mahaifin wata budurwa da aka haifa a 1999, ta ɗora masa biyan yuro 1,400 a wata. Ga mutumin da ya taɓa zama cikin mafiya albashi a duniyar ƙwallo, wannan ko kuɗin man motocinsa bai kai ba.

To me ke kawo haka? Ba rowa ba ce irin wadda muka sani. Yawancin mutanen nan hannunsu a sake yake, suna gina makarantu, suna buɗe gidauniya, suna raba motoci ga abokai. Sai dai kyautar waje daban, ciyarwar gida daban. Wanda ya gina wa garinsu asibiti za a buga shi a jarida, a yi masa kirari, a raɗa wa titi sunansa. Wanda ya biya kuɗin makarantar ɗansa a kan kari, zango bayan zango, har yaron ya kama ƙasa, babu maroƙin da zai wasa shi, don abin da ya wajaba a kansa ya yi. Mutumin da tun yana yaro da tafi aka saba masa, duk aikin da babu tafi a cikinsa nauyi yake yi masa. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Sannan a dubi yadda su kansu aka raine su. Yaro ne aka ga yana da ƙafa, aka ɗauke shi daga gaban iyayensa zuwa sansanin ƙungiya. Daga ranar wani ke tashinsa daga barci, wani ke dafa masa, wani ke riƙe masa fasfo, wani ke amsa masa waya. Pele yana ɗan shekara 15 ya koma Santos, yana 17 ya ci kofin duniya. Maradona bai cika 16 ba ya fara buga babbar gasar Ajantina. Kafin yaro ya mallaki hankalinsa ya zama uban gidan kowa, har mahaifinsa a hannunsa yake ci. To wa zai zaunar da shi ya ce masa, kai, abin nan da kake yi ba daidai ba ne? Kawun da ya kamata ya tsawata masa, motar da yake hawa yaron ne ya saya. Dillali kasonsa yake jira. Lauya aikinsa ya rage abin da za a biya. Ƙungiya ƙafarsa ta saya, ba ruwanta da halinsa. Mu 'yan kallo kuwa, ranar Asabar in ya zura biyu a raga mun yafe masa komai, har da abin da ba mu ne ke da hakkin yafewa ba.

Akwai kuma abin da ake gada. Dennis Rodman, mai rina gashi kala-kala da ya ci kofin NBA sau biyar, uku daga ciki tare da Michael Jordan a Chicago, bai tashi da uba ba. Mahaifinsa, Philander, sojan sama ne. Ya fice daga gida Dennis yana ƙarami, ya tare a ƙasar Filifin, inda daga baya da bakinsa ya ce ya haifi 'ya'ya 29 da mata 16. Uwar ce ta yi ta faɗi-tashi a Dallas ta raini Dennis da ƙannensa mata biyu. Sai a 2012, bayan sama da shekara 40, uba da ɗa suka sake sa juna a ido, a Manila, na ɗan lokaci, bayan an tashi daga wani wasan sada zumunta. Mutum zai zaci wanda ya sha wannan ɗacin ba zai ɗura wa nasa ɗan ba. Amma a shekarar da ya gana da uban nasa, lauyoyin tsohuwar matarsa suna gaban alƙali a Kalifoniya suna cewa bashin ciyarwar da ke kansa ya haura dala dubu 800, nasa lauyan kuma yana cewa ba shi da ko taro, ga rashin lafiya. Shekara guda kafin nan, ranar da aka shigar da shi zauren gwarazan ƙwallon kwando, ya tsaya yana hawaye ya ce babbar nadamarsa ita ce bai zama uba nagari ba. Jama'ar zauren suka tafa masa. Har nadamar ma sai da ta samu nata tafin. 'Yarsa Trinity, wadda ta ci wa Amurka zinare a ƙwallon ƙafar mata a gasar Olamfik ta Faris a 2024, ta fito a ƙarshen shekarar ta ba da labarin yadda ita da uwarta da ɗan'uwanta suka taɓa zama a cikin mota don rashin muhalli, ta kuma ce jini ne kawai ya haɗa ta da shi. Ga shi sunansa ne a bayan rigarta, duk inda ta je kuma sai an tambaye ta labarinsa.

Kada dai a mayar da wannan hujja. Shaquille O'Neal, tauraron NBA, yana jariri mahaifinsa ya shiga gidan yari, bayan ya fito ma bai ɗauki nauyinsa ba. Mijin uwarsa, wani sajan na soja mai suna Phillip Harrison, shi ya riƙe shi, shi kuma yake kira uba, har ya yi waƙa a kan haka a 1994. Mu da muke mayar da agola abin zolaya, sai mu lura. LeBron James, shi ma na NBA, uwarsa tana da shekara 16 ta haife shi, suka yi ta yawo daga wannan ɗaki zuwa wancan a garin Akron, babu uba a kusa. Ya tsaya a kan 'ya'yansa uku, har a 2024 ya shiga fili tare da babban ɗansa a ƙungiya ɗaya. Rashin uba ya same shi kamar yadda ya samu Rodman, amma bai miƙa shi gaba ba.

A Amurka an daɗe ana fakewa da waɗannan labarai ana yi wa baƙar fata kuɗin goro, a ce ai su haka suke, ba su san riƙon iyali ba. Wannan ƙarya ce mai tsohon tarihi, kuma bai kamata mu da muke kallo daga nesa mu haɗiye ta ba. Rahoton nan na 1998 ya ambaci Larry Bird, farar fata, gwarzon ƙwallon kwando na Boston, da 'yarsa da ta girma nesa da shi. Boris Becker, Bajamushen da ya ci gasar tanis ta Wimbledon yana ɗan shekara 17, ya musanta 'yar da aka haifa masa a Landan a 2000 har sai da gwaji ya kama shi. Pele da Maradona ba a Amurka suka tashi ba. Wani bincike da hukumar lafiya ta Amurka, CDC, ta fitar a 2013 ma ya nuna cewa a cikin iyaye mazan da ke zaune tare da ƙananan 'ya'yansu, baƙaƙe sun fi farare yi wa yara wanka da sa musu kaya a kullum. Abin da ya haɗa waɗanda muke magana a kansu shi ne suna da kuɗi da ɗaukaka tun da ƙuruciya, kuma babu mai iya ce musu a'a.

Adalci kuma ya sa a faɗi cewa ba kowane ɗan wasan da ya nemi gwaji ne azzalumi ba. Nii Lamptey na Gana, wanda ya zama gwarzon gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 1991, ya gano a 2013 cewa 'ya'ya ukun da ya raina tsawon shekaru ba nasa ba ne. Ɗan ƙasarsu Asamoah Gyan shi ma ya nemi a gwada nasa ukun, aka tarar duk nasa ne, kotu a Akara ta ɗora masa nauyinsu a 2023. A ƙasashen da dokarsu ta yarda da gwajin, mai shakka ya yi shi da wuri a rufe babin. Abin da ba shi da madafa shi ne mutum ya ƙi zuwa gwajin, ko ya ga sakamako ƙiri-ƙiri ya ci gaba da wasan ɓuya da kotu yaro na girma.

Haka nan kukan da wasunsu ke yi kan yawan kuɗin da ake yanka musu ba duka ne na banza ba. Rayuwar ɗan wasa gajera ce. A gasar zari-ruga ta Amurka, NFL, matsakaicin ɗan wasa ba ya kai shekara huɗu. Alƙali yana yanka kuɗin ciyarwa ne bisa albashin da mutum ke ɗauka a ganiyarsa. Ranar da gwiwa ta tafi albashi ya tsaya, amma hukuncin na nan daram har sai ya koma kotu ya nemi ragi, abin da ya taru kafin nan kuma ba a goge shi. Wani nazari na 2015 ya gano kusan kashi 16 cikin 100 na tsofaffin 'yan wasan gasar sun bayyana karayar arziki a kotu cikin shekara 12 da yin ritaya. A Amurka, dokar da ta hana a yafe tsohon bashin ciyarwa an yi ta ne a 1986, kuma abin sha'awa, sunan Sanata Bill Bradley take ɗauke da shi, wanda shi kansa tsohon ɗan wasan New York Knicks ne da ya ci kofin NBA sau biyu. A 1998 aka ƙara wata: wanda ɗansa ke wata jiha, ya ƙi biya da gangan har bashin ya haura dala dubu 10 ko ya wuce shekara biyu, zai iya shan ɗaurin shekara biyu. Wanda ake bi sama da dala 2,500 kuma ba a ba shi fasfo. Ban ce tsarin ba shi da aibi ba. Ɗaure talakan da ba shi da aiki ba ya sa tuwo a bakin ɗansa. Amma ya kafa abu ɗaya da nake ganin daidai ne: kuɗin nan bashin yaro ne a kan ubansa, ba alheri ake yi wa uwar ba, saboda haka fushin da mutum ke yi da ita ba ya sauke shi.

Na san abin da wani mai karatu zai ce: ai waɗannan galibinsu 'ya'yan gaba da fatiha ne, masifar zina ce ta kama su, mu Allah ya raba mu. Hukuncin nasabar irin wannan ɗa a shari'a na malamai ne, na bar musu. Amma namu salon da fatiharsa da goronsa da shaidunsa. Mutum ya auri yarinya, ta haifa masa uku, ranar da ransa ya ɓaci ya miƙa mata takarda. Kafin ta gama idda an fara kai akwatunan wata. Ita kuma ta koma ɗakin tsohuwarta da yara, tsohon da ya aurar da ita don ya huta ya koma ciyar da mutum huɗu. In ta aika neman kuɗin magani, amsar a shirye take: in kin gaji ki kawo mini 'ya'yana. Ta kuwa san inda za su ƙare, ko hannun kishiya, ko wurin kaka a ƙauye, ko a ɗora wa macen tallar gyaɗa, namijin a miƙa shi wani gari da sunan karatu. Alhali littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu ba su bar wata kafa ba: ciyar da ɗa namiji na kan uba har ya balaga yana iya neman na kansa, 'ya mace har ta tare a gidan miji, reno kuma hakkin uwa ne ko da an sake ta. Kowane ɗalibi ya san ƙarar da Hindu 'yar Utba ta kai kan maƙon Abu Sufyan, da izinin da aka ba ta na ɗibar abin da zai ishe ta da ɗanta. Hukunci ba mu rasa ba. Mai tilastawa muka rasa, da kuma jama'ar da za ta ƙi ba irin wannan mutum sabuwar mata da sahun gaba a wurin ɗaurin aure. Da Sarki Muhammadu Sanusi II ya taɓo gefen maganar a 2017, ya ce a yi dokar da za ta hana wanda ba zai iya riƙo ba ƙara aure, kowa ya ga irin ruwan martanin da ya sha.

Su kuwa hukumomin wasanni, in sun so hukunci sun iya. A 2005 gasar NBA ta kafa wa 'yan wasanta dokar irin tufafin da za su sa in za su zo fili. Ana tarar ɗan wasa don ya cire riga yana murna, ko ya sa safar da ba ta ƙungiya ba, ko ya faɗi wata magana a kan alƙalin wasa. A watan Maris na 2016 hukumar FIFA ta dakatar da Emmanuel Eboue, tsohon ɗan bayan Arsenal, na shekara guda cur, saboda bai biya tsohon dillalinsa kuɗin da yake bin sa ba. Sunderland da ta ɗauke shi makonni kaɗan kafin nan ta sallame shi bai buga mata wasa ko ɗaya ba. Ba don yana cikin masu gudun 'ya'ya na kawo sunansa ba, sai don a ga cewa hanyar tana nan, an kuma san yadda ake bin ta. Babu abin da zai hana a ce duk ɗan wasan da kotu ta tabbatar da bashin ciyarwa a kansa, ƙungiyarsa ta cire daga albashi kafin ya shiga hannunsa, in kuma ya sauya sheƙa zuwa wata ƙasa don ya kuɓuta, a ƙi yi masa rajista har sai ya biya. A gasarmu ta gida ma abin ya fi sauƙi, tunda yawancin ƙungiyoyin na gwamnatocin jihohi ne, albashin daga baitulmali yake fitowa. Dillalin Eboue ya samu hukunci ne saboda FIFA ta tanadi ofishin karɓar irin ƙararsa, da wa'adin biya, da horon wanda ya saɓa. Mai bin kuɗin madara da na makaranta har yau ba a buɗe masa taga a wannan ofishin ba.